A Kasuwar Suleja Aka Ce Ba Ni Na Haife Ta Ba

Gwaggo Sa'ida, assalamu alaikum. Don girman Allah ki taimake ni da shawara, kaina ya ɗaure kuma ba ni da wanda zan gaya wa a garin nan. Duk mako ina karanta filinki na jarida a cikin motar ma'aikata in mun maƙale a Zuba, ban taɓa zaton wata rana ni ma zan ɗauki biro ba. To, ranar wanka ba a ɓoyon cibi.

Tambayata gajera ce, labarin ne mai tsawo. Ina ne ya dace mai raino ta je da yaron da aka ba ta amana, ina ne kuma bai dace ba? Ki yi haƙuri ki ji yadda aka yi na iso ga wannan tambaya.

Ni Bakatsiniya ce, maigidana ma haka. Da muna Kaduna, sai aka mayar da ofishinmu Abuja, shi ma nasa ya biyo baya. Hayar Abuja ba ta ƙaramin ma'aikaci ba ce, sai muka kama ciki da falo a Wambai, nan Suleja, kamar yadda kowa yake yi. Muna fita bayan sallar asuba, mu dawo bayan magariba, in ana wahalar mai kuwa sai yadda Allah ya yi. Na shekara huɗu a unguwar nan, amma in kika tambaye ni sunan mai kantin ƙofar gidanmu ban sani ba. Asabar wanki da kitso da ramuwar barci, Lahadi guga da baƙi, shi ke nan mako ya ƙare.

'Yarmu ɗaya, ta ɗan wuce shekara uku, kuma ita ce ta fari. Da hutun haihuwata ya ƙare, matar mai gidan da muke haya ta haɗa ni da wata dattijuwa mai suna Uwani, mutuniyar Maje, nan bayan gari. Mijinta ya rasu, 'ya'yanta duk sun yi aure, tana da 'yar gonarta a can wadda masu sayen filaye ba su kai gare ta ba tukuna. Tana zuwa ranar Lahadi da yamma, ta koma gida ranar Juma'a in mun dawo. Gwaggo, ban taɓa tarar da yarinya da datti ko da yunwa ba, ban taɓa ganin shatin duka a jikinta ba. Allah ya gani, a nan ba zan ci hakkin Uwani ba.

Maganar fita kuwa ni na fara jawo ta. Ki kai niƙa, ki sayo kayan miya, ki karɓo ɗinki wajen tela, ki duba ko an kawo kananzir. Yarinya ba a barin ta ita kaɗai, sai ta goya ta su tafi. Ban taɓa zama na ce mata nan za ki je, nan ba za ki je ba. Na ga babba ce, ta haifa ta raina, me ni zan koya mata?

Akwai wani abu da sai na faɗa kafin ki gane abin da ya faru, ko da yake ke ma kin san shi. Mu a gidanmu ana kunyar ɗan fari, kunya ta gaske ba ta fatar baki ba. Ni kaina 'yar fari ce. Har yau mahaifiyata ba ta taɓa kama sunana ba, in tana nemana sai ta ce ina waccan, ko ta turo ƙanwata. Ana yaye ni aka kai ni ɗakin kakata. Ita ke mini kitso, ita nake bi biki, a bayanta nake kwana, kuma ban taɓa jin an cuce ni ba. Da na haihu sai ni ma na bi sahu. Ba na kiran yarinyar da suna, "ke" ta ishe mu. Ba na ɗaukar ta a gaban baƙi, ba na yi mata wasa in da mutane. In surukaina suka zo daga Katsina har yaba ni suke yi, wai boko bai ɓata ni ba. Fita da ita kuwa, in ba asibiti ranar rigakafi ba, ban taɓa yi ba, shi ma Uwani ce ke goye da ita, ni ina gaba da jaka.

Wata Asabar a watan da ya wuce, Uwani tana Maje, maigida ya tafi ɗaurin aure Minna, ga takalmin yarinya ya matse ta, ga Sallah ta kusa. Na ce bari in kai ta a gwada a ƙafarta, kada in sayo ya yi kaɗan. Na ja hannunta muka nufi kasuwa.

Tun daga bakin kasuwa na fara ganin abin mamaki. Ita ke jan hannuna, ba ni ke jan nata ba. Mai nama ya ɗaga mata hannu, mai gyaɗa ta miƙo mata cikin tafi, wani mai baro ya ce Ladidi ina tsohuwa. Ladidi sunan da Uwani ta laƙa mata ne don ranar Lahadi aka haife ta. Ina jin sa a gida sama-sama, ban san ya zagaye kasuwa ba. Kowa ita yake gaisarwa, ni kallo ɗaya ake mini a kau da kai.

Na tsaya wajen mai takalma, na saki hannunta don in duba wani jan takalmi. Ina juyowa babu ita. Na bi layin ina dube-dube. Gwaggo, ko a lokacin ban ɗaga murya na kira ta ba, bakina bai saba ba. Ina dai ta tambaya ko an ga wata yarinya mai riga ruwan ɗorawa.

A rumfar wata Bayarabiya mai suna Yejide, mai sayar da robobi da kwanuka, na same ta. Tana zaune a cinyar matar tana cin biskit kamar a ɗakin uwarta. Na yi hamdala na miƙa hannu zan ɗauke ta, sai matar ta riƙe ta gam, ta ce ina zan kai ta. Na ce 'yata ce. Ta dube ni daga sama har ƙasa, ta ce da irin Hausarsu ita ta san yarinyar nan tun tana goye, ta Uwani ce, ni kuwa ba ta taɓa ganina ba. Kin san yadda ake ta zancen masu satar yara a 'yan kwanakin nan. Kafin in rufe baki an kewaye mu, masu baro, mahauta, mata masu kayan miya, wannan na faɗa da Hausa wancan na faɗa da Turancin kasuwa.

Wani dattijo ya ce a yi a hankali, a tambayi yarinya. Ya durƙusa ya nuna ni ya ce wace ce wannan. Ta dube ni ta ce Anti ce. Haka Uwani ke kirana, haka ita ma ta tashi tana kirana, ban taɓa gyara mata ba don a wajena hakan ma ya fi sauƙi. Aka ce ina mamanta, ta ce tana Maje.

Sai dattijon ya juyo gare ni ya ce to, in ni na haife ta in faɗi sunanta. Sunan yana bakina, Gwaggo. Ni ma na zaɓe shi, na raɗa wa maigida tun tana ciki. Amma ga maza sa'o'in ubana sun zuba mini ido, sai na ji kaina ya sunkuya da kansa yadda aka horar da shi. Ban san tsawon shirun da na yi ba, ya dai isa wata mata ta ce kun gani ko. Da na samu na furta a hankali, sai aka ce ƙarya ce, Ladidi sunanta. Wani ya fizge mini gyale, wani ya ce a kai ni wajen 'yan sanda, na ji wani daga baya yana cewa a bar 'yan sanda, a gama da ni a nan.

Dattijon nan shi ya tare, Allah ya saka masa da alheri. Ya zaunar da ni a kan wani buhu a cikin rumfar, ya kira wani ɗan acaɓa, Ɗantala, ya ce maza ya je Maje ya ɗauko Uwani. Yaron bai ma tambayi kwatance ba, ashe shi ke kai Uwani da yarinyar can. Na zauna ina kallon robobi, ja da shuɗi da kore. Ban yi kuka ba, ban ji tsoro ba, abin da ya faɗo mini kawai shi ne na bar wanki a jiƙe. Yarinyar tana ta wasa da murfin kwano, ko sau ɗaya ba ta matso inda nake ba.

Uwani ta iso da ƙasar gona a ƙafarta, tana salati tun daga nesa. Ta ce su ji tsoron Allah, wannan ce uwar yarinya, ita raino kawai take yi. Nan take kowa ya shiga ba ni haƙuri. Yejide har ƙasa ta durƙusa, ta ce in yafe mata, amana ta riƙe. Ta ɗauko wani shuɗin bokiti ta ba ni kyauta, na karɓa, ban san dalili ba. Yarinya kuwa tana ganin Uwani ta haye bayanta. Haka muka fito, su a gaba, ni a baya da bokiti. Takalmin ban saya ba.

Da maigida ya dawo ya titsiye Uwani, sai zance ya fito. Ashe in mun fita su ma fita suke yi. Kasuwa kusan kullum, ko da aike ko babu. Gidan suna, gidan biki. Gaisuwar mutuwa ba sau ɗaya ba, har an taɓa fitowa da gawa yarinya tana kallo. Da damina in aikin gona ya matse ta sai su hau acaɓa zuwa Maje, ta shimfiɗa wa yarinya zane a gindin mangwaro ta yi nomanta, su dawo da la'asar ta yi mata wanka kamar ba a je ko'ina ba. Maƙwabta ma aikenta suke yi, ta tsallaka babban titi da goyo don ta sayo wa wata daddawa. Ba ta musa ko ɗaya ba. Ta ce ita ba ta iya zaman ɗaki kamar kaza a akurki ba, yaro ma in ba ya ganin mutane lalacewa yake yi, kuma ai ba wanda ya taɓa hana ta.

Maigida ya ce ya bar mini zaɓi zuwa ƙarshen wata. Ko a sallami Uwani a kai yarinya Katsina wajen mahaifiyata, ko ta zauna amma ba ita ba ƙofar gida, ko niƙa ba za ta sake kaiwa ba. Uwani ta ce in haka ne a sallame ta kawai, ba ta yi fushi ba.

Ni kuwa ba na jin komai, kuma wannan ma ya fi damuna, in har damuwa ce. Ya kamata in ji haushin Uwani, na nema ban samu ba. Ina tashi in yi salla, in hau mota, in wuce Dutsen Zuma, in buga takardun da aka ba ni, in dawo. Abinci ba ya mini ɗanɗano amma ina ci. Da yamma yarinya ta zo ta ce Anti sannu da zuwa, in ce yauwa, ta koma wajen Uwani. Bokitin yana nan bayan ƙofa, ban zuba masa ruwa ba, ban kuma kyautar ba. In na kai ta Katsina na san za ta sami gata, sai dai ɗan sanin da ta yi mini ma zai tafi. In na kulle su a gida Uwani za ta tafi, yarinya ta rasa wadda ta sani. Ki gaya mini inda iyakar take, don Allah, kuma ki sakaya sunana.

Baƙuwa a Wambai, Suleja

*

'Yata Baƙuwa, wa alaikumus salam. Kafin komai mu gode wa Allah da ya fid da ke daga cikin taron nan lafiya, don ba kowa ke fita ba. Wannan rashin jin komai da kike faɗa ba taurin zuciya ba ne, firgita ce ba ta sake ki ba tukuna. Ki samu wadda kika yarda da ita, ko a ofis ne, ki ba ta labarin da bakinki. In ya daɗe bai wuce ba, ko barci ya ƙi, ki ga likita, ba abin kunya ba ne.

Uwani ta yi laifi, kuma kyawun riƙonta ba zai goge shi ba. Hawa acaɓa da goyo har Maje, ajiye yarinya a gona inda maciji ba ya sallama, kai ta inda ake fitar da gawa, tsallaka babban titi don daddawar wata, duk ba su dace ba. Mafi muni shi ne ba ku sani ba. Da wani abu ya faru a Maje, a Wambai za ku yi ta nema. Amma da ta ce ba wanda ya taɓa hana ta, gaskiya ta faɗa. Kin ba ta yarinya, kin ba ta aike, ba ki ba ta iyaka ba, sai ta yi amfani da ta ƙauyensu, inda kowa ya san kowa kuma ɗa na kowa ne.

Ga iyakar da kika tambaya. Duk inda ƙafa za ta kai a cikin unguwa, kuma aikin gidanku ne ko amfanin yarinya, ta je: niƙa, kanti, tela, makarantar allo ta zauna a gefe ta ji karatu, gidan maƙwabtan da ke da kanki kika shiga kika ga zamansu. In jikin yarinya ya yi zafi ta wuce asibiti ba sai ta jira ku ba. Kasuwa sai da aike na gaske, da safe kafin cunkoso, yarinya a baya ko a hannu, kuma ba a jajiberin Sallah ba. Suna da biki ta gaya miki tun ana gobe, ke ki ce e ko a'a. Maje kuwa sai da ke ko babanta, a cikin mota. Gaisuwar mutuwa ta je ranar hutunta. Aiken maƙwabta ke za ki shiga gidajensu ki yanke shi da kanki, don ita ba za ta iya ce musu a'a ba.

Gonar nan kuma kada ki manta da ita, don ita ce abincin Uwani. In ba ki ba ta hanya ba za ta nema a ɓoye. Da damina ki ware mata rana guda a mako, ki roƙi matar mai gidanku ta riƙe yarinya a ranar. Duk wannan ku zauna ku uku, ke da maigida da Uwani, a faɗa a fili, cikin girmamawa, don ita sa'ar mahaifiyarki ce. In ta karɓa ta kuma karya, a nan ne maganar sallama za ta taso.

Maigidanki tsoro ne ya sa shi maganar kulle, kuma yana da hujja. Ki lallaɓa shi ki nuna masa cewa kasuwar da ta kunyata ki ita ce ta riƙe masa 'yarsa. Da a ce ɓarauniya ce ta miƙa hannu a ranar, da yanzu Yejide yake yi wa addu'a. Kada a yi irin ta zomo, a bar makashi a yi fushi da maratayi. Katsina kuwa ban ba ki shawara ba a yanzu. Yarinya za ta rasa Uwani ta rasa ki a rana ɗaya.

Saura maganar da ba ki tambaye ni ba. Ba na raina kunyar ɗan fari, ni ma na yi ta, kuma tana da kyawunta. Amma a babban gida aka gina ta, inda in uwa ta kau da kai akwai hannu goma da za su ɗauka. Ke kina da kaka a ɗakin da ke kallon na mahaifiyarki, kuma duk gidan sun san 'yar wace ce ke. Ita wa take da shi a ciki da falo a Wambai? Kin kawo kunyar daga Katsina, ba ki kawo gidan ba, sai Uwani ta cike gurbin ita kaɗai. In kiɗa ya canza, rawa ma sai ta canza. Ki ajiye kunyarki don ranar da surukai suka zo, su ci gaba da yabon ki, ba wanda zai kai musu rahoto.

Asabar mai zuwa ki roƙi Uwani ta kwana, ku koma kasuwar ku uku, amma ke za ki goya. Ta bi da ke rumfa-rumfa ta ce ga uwar Ladidi. Ki gaida Yejide, ki nemi dattijon nan ki yi masa godiya, ki sayi takalmin. Ki gaya wa Uwani ta daina ce miki Anti a gaban yarinya. Bokitin kuma ki fito da shi daga bayan ƙofa, ki zuba ruwan ɗumi ki yi mata wanka da hannunki.

Na karanta takardarki na sake karantawa. Na ga sunan Uwani, na ga na Yejide, na ga na Ɗantala ɗan acaɓa, har sunan da kasuwa ta san yarinyar da shi na gani. Wanda kika zaɓa tun tana cikinki ne ban gani ba. Ba na son ki aiko mini da shi, ba ni nake jiran sa ba. Yau in kin sauka daga mota kin shiga gida, kafin ta ce Anti sannu da zuwa, ki riga ta, ki kira ta da shi. Wataƙila ta dubi ƙofa ta zaci babanta ne ya shigo, don ba ta saba jin sunan a bakinki ba. Ki sake kira.

Allah ya raya miki ita, ya sanyaya zuciyarki, ya bar ku tare.

Taki,
Gwaggo Sa'ida